Ga 'yar'uwar da za ta gida hutu tana tsoron ƙiba ta dawo

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru, don kamar labarina kika rubuto. Kin ce kin sauke kilo 9 cikin wata biyar, za ki gida hutun sati uku har da Babbar Sallah a ciki, kina tsoron wahalarki ta tashi a banza. Kina da gaskiya da kika ji tsoro. Sai dai ni bakin mutane ne ya kayar da ni kafin abinci ya kayar da ni.

A 2023 ne. Watanni kafin Babbar Sallar shekarar likita ya auna sugana da safe ban ci komai ba ya ga 140, ya ce daga 126 zuwa sama ciwon suga ne, ya ɗora ni kan maganin suga mai suna metformin ya ce in rage jiki. Na daure wata bakwai, daga kilo 96 na dawo 84. Gwiwata ta daina ciwo, ina sujada ba nishi. Sallar ta faɗo ƙarshen watan Yuni, maigida ya ce a Funtuwa za mu yi ta, gidansu. Na ɗinka sababbin kaya daidai jikina, ina ta murna a gan ni.

Ranar da muka isa tsakar gida cike take da mata, wasu na murza cincin, wasu na gyaran kayan miya. Ko mayafi ban cire ba babbar yayar maigida ta dafa ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ke ce kika koma haka? Me ƙanena ya yi miki? Ko dai a je a yi gwaji ne?" Duk wadda ke wurin ta san gwajin da take nufi. Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ce, "Yaya, lafiyata ƙalau, likita ne ya ce in rage." Ta ce, "Likitan ne ke aurenki? Mu a gidan nan ba a san mu da matar da ta bushe kamar kara ba." A gaban 'yata mai shekara tara ta faɗa. Da dare yarinyar ta zo ta kwanta a jikina tana tambaya ta wai Mama mutuwa za ki yi? Wallahi har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Matar nan ta san ciwon suga ne ya cinye mahaifinsu, ita ta yi jinyarsa har aka yanke masa ƙafa. Da ita ce ya kamata ta fara riƙe hannuna. Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, kuma ko bara da muka haɗu a wani biki sai da ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa.

To sai na ce bari in nuna musu lafiyata lau. Duk abin da aka ajiye min sai na cinye. Waina da miyar taushe da safe, tuwon shinkafa malmala biyu da rana, soyayyen nama kuwa yana cikin roba kusa da gado, in shiga in ɗauka, in fita in ɗauka. Kowane gida muka je gaisuwa lemon kwalba da alkaki ko dubulan. Maganin ma na riƙa ɓoyewa don kar a ga ina sha a ce ga shi nan, har na tsallake kwanaki. Sati biyu ba su cika ba ƙishirwa ta dawo, ina tashi fitsari sau huɗu cikin dare, idona na gani dishi-dishi. Na koma gida da kilo 89, suga ya haura 200.

Don haka tun ranar da kika sauka ki keɓe da babbar gidan, Hajiya ko Inna, ki gaya mata a natse cewa likita ne ya hana ki. Kar ki ce "rage ƙiba nake yi", a kunnensu yanga ce. Da na yi haka a Sallar da ta biyo baya, Hajiya da kanta take korar masu tura min kwano, har ta sa ake dafa min zogale.

Kuma kar ki sa wa ranki sai kin ƙara sauka a hutun nan. Ki koma yadda kika zo, kin ci riba. In sikeli ya nuna kilo ɗaya ko biyu sun ƙaru kar hankalinki ya tashi, wani ruwa ne da gishiri da dunƙulen miya suka tara, yakan sauka cikin kwanaki.

Lemon kwalba shi ne babban maƙiyi, don ba ya ƙosarwa. Robar Coca-Cola ta rabin lita tana da suga wajen giram 53, kusan ƙaramin cokali 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya wuce kamar giram 50 a yini, in da hali ma rabin haka. Gida uku kika shiga, lissafa da kanki. Ni yanzu karɓa nake in yi godiya in ce a ba ni ruwa. Zoɓo da kunun aya ki roƙa a ɗibar miki kafin a zuba suga. Nama kuma ki ci, Sallah ce, amma ki ware tsoka a dafa miki ko a gasa, ki bar kitse da wanda ya kwana cikin mai, kuma don Allah kar robar ta kwana a ɗakinki. Ki zuba abincinki da hannunki a ƙaramin faranti, don in an haɗu a tire ɗaya ba kya sanin abin da kika ci. Kafin ki fita ziyara ki ci kwaɗon zogale ko na rama ko ɗan wake da ƙwai, kar ki fita da yunwa.

Tafiya ma kar ki yar. Minti 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a sati, ya ba ki minti 150 da ake so. Ni da wata matar ƙanen maigida muke zagaya unguwa kafin gari ya waye, gidajen da ke kusa kuma ba na hawa adaidaita.

Na ga wata ta ce ki yi ta azumi. Na Arfa dai ki yi in likitanki ya yarda, amma ranar Sallah da kwana ukun da ke binta ba a azumi, kuma mai shan maganin suga zai iya faɗuwa. Shayin rage tumbi da ake tallatawa kuwa, ni na sha bayan dawowata daga Funtuwa saboda baƙin ciki. Kwana uku ina zawo har jiri na ɗiba ta. Irinsu da yawa filasko ne a ciki, ruwan jiki kawai suke zubarwa, kitsen na nan.

Ba ki faɗa mana ko kina shan wani magani ba. In kina sha, ki tafi da wanda zai ishe ki har ki dawo, da na'urar awon suga in kina da ita, ki sha shi a gaban kowa. Ni da na yi sakaci, sai da na yi wata huɗu kafin in sake ganin kilo 84.