Haɗin Itanol Da Asid Ya Yi Baƙi: Shin Itin Muka Samu?

Tambaya: Malam, mun dafa itanol da asid ɗin salfurik mai ƙarfi a ɗakin gwaje-gwaje don mu samu iskar itin (C2H4). Haɗin ya koma baƙi, wani wari mai shaƙe maƙogwaro ya tashi, amma iskar ta goge launin ruwan buromin, wanda shi ne gwajin da ake gane itin da shi. Ke nan mun dace?

Amsa: Da sauran rina a kaba, ɗan'uwa. Aikin asid ɗin shi ne zare ruwa daga jikin itanol, sai ƙwayoyin kabon biyu su ɗaure da tagwayen ɗauri, wanda shi ne alamar duk dangin alkin. Wannan na faruwa a wajen digiri 170 na Salshiyos, da asid mai rinjaye, kamar kashi biyu a kan kashi ɗaya na itanol. Idan zafi ya tsaya a 140, wani sinadari daban mai suna "ether" za ka fi samu, (C2H5)2O.

Baƙin da kuka gani gawayi ne. Wuta ta yi yawa, asid ya ƙone wani ɓangare na itanol, asid ɗin kuma ya saki iskar SO2, mai warin ashana da aka ƙyasta. Matsalar ita ce SO2 ma tana goge launin buromin, tana mai da shi HBr marar launi. Ko da babu itin ko kaɗan, ruwan zai yi fari.

Dole ne iskar ta fara ratsa kwalbar ruwan NaOH, wato sodar da ake haɗa sabulu da ita, wadda za ta kama SO2 da CO2. Abin da ya wuce a tara shi a kan ruwa, tunda itin ba ya narkewa sosai. A zubar da kumfar farko, iskar cikin kwalba ce. Idan wannan tatacciyar iska ta goge launin lemo na buromin nan take, to tagwayen ɗaurin ne ya buɗe buromin ya shiga, shi kuwa itan (C2H6), wanda ba shi da tagwayen ɗauri, ba ya goge launin sai da hasken rana.

Wajen haɗawa, asid ake ɗigawa cikin itanol a hankali, kwalbar na cikin ruwan sanyi. A jefa ɓarɓashin tangaran don hana tafasar bazata, kan ma'aunin zafi kuma ya nutse cikin haɗin. In an gama, a fara zare bututu daga ruwa kafin a kashe wuta. In ba haka ba ruwa zai zuƙo baya ya faɗa kan asid mai zafi, kwalba ta fashe a fuskar mai aiki.