Tambaya da Amsa: Na goge af ɗin bashi amma har yanzu suna cire min kuɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a bani shawara kuma a sakaya sunana. Ina saida atamfa da leshi ne ta WhatsApp, kwanakin baya jari ya karye sai wata ƙawata ta nuna min wani af na masu bada bashi ta waya, na ci dubu 60 akan zan biya kashi uku. Wajen cikewa suka ce in sa BVN da lambobin katin ATM ɗina, na sa, suka cire naira 50 wai gwaji ne. Kashi na farko da na biyu duk da hannuna na tura musu, amma sai na wayi gari naga alat sun sake cire na biyun, na kira ba a ɗauka, na yi saƙo wani abu ne yake ta bani amsa iri ɗaya kamar ba mutum ba. Yanzu duk kuɗin da ya shigo ko na kwastoma ne da tsakar dare sai a zare wani abu a ciki, har af ɗin na goge amma basu daina ba. Wallahi ba gudun biya nake ba, so nake su cire hannunsu a akawun ɗina ni in riƙa biya da kaina. Kuma maigidana bai san da maganar ba. Daga wata 'yar'uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya yaye miki. Goge af ɗin da kika yi ba abinda zai hana, dan izinin cirar ba a wayarki yake zaune ba, yana can wajensu. Abu na farko shine ki gano ta wace hanya suke shiga akawun ɗin, saboda kowace da yadda ake toshe ta, kuma mutane da yawa a nan suke shan wahala, sai kiga mutum ya je ya kashe kuɗi ya canza kati alhali ba ta kati ake cire masa ba.

Daga bayaninki ni na fi zaton ta kati ne. Ranar da kika rubuta dogayen lambobin nan na gaban kati da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na baya, aka turo miki OTP, wato lambar tabbatarwa da ake turowa waya a yi amfani da ita sau ɗaya, kika sa, aka cire hamsin ɗin nan, toh a lokacin kamfanin da yake tsakani wajen karɓar kuɗi ya basu wata lamba ta sirri da take wakiltar katinki, da ita suke cirewa duk sanda suka so ba sai an sake turo miki OTP ba. Kamar kin ba mutum safayan makullin shagonki ne. Shi yasa canza PIN ma baya magani, dan su ba da PIN suke aiki ba. Maganin shine a kashe katin gaba ɗaya, ki shiga manhajar bankinki ki yi bulokin ɗinsa ko ki kira layinsu ko ki taka da ƙafarki ki je, sannan ki nemi sabo mai sabuwar lamba, za su caje ki kuɗin sabon kati. Sabon kuma kada ki sake sa shi a af ɗinsu ko da sun ce sai da shi za ki iya biya, ki ce su baki lambar akawun ta kamfani ki tura.

Hanya ta biyu ita ce wadda ake ɗaurawa akan lambar akawun kanta, 'yan banki suna ce mata mandet, tana bi ta NIBSS ko Remita, wato kamfanonin da suke tsakani wajen tura kuɗi tsakanin bankuna. Alamarta galibi ke da kanki aka sa kika tura naira 50 zuwa wani akawun dan tabbatarwa, ko kika sa hannu a wata takarda. Wannan ko kati goma kika canza tana nan daram. Sai kin rubuta wa kamfanin cewa kin janye izinin, sannan ki kai wa bankinki kwafi ki ce a duba miki duk wani izinin cira da yake kan akawun ɗin a soke. Ba nan take yake tsayawa ba, yakan ɗauki kwanaki, kuma wani bankin zai ce miki sai shi mai bashin ya saki tukunna tunda akwai sauran kuɗi, dan haka kada ki bari sai ana gobe ranar biya.

Akwai ta uku da ya kamata ki sani ko da bata shafe ki ba tukun, wato GSI, izinin cire bashi daga sauran akawun ɗin mutum. Babban Bankin Najeriya, wato CBN, shi ne ya fito da tsarin, ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2020. Idan mai bada bashin banki ne mai lasisin CBN, kuma wasu daga cikin af ɗin nan ƙananan bankuna ne a bayansu, kuma kin amince da sharaɗin lokacin karɓa, toh in kika gaza biya za a iya bin BVN ɗinki a ɗebo daga sauran akawun ɗinki na wasu bankunan. Wannan kam ba a soke ta sai an gama biya. Sai dai ƙa'idarta uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru kaɗai ake ɗauka, banda tarar latti. Na kawo ta ne saboda na san za a baki shawarar ki buɗe sabon akawun ki riƙa karɓar kuɗin kwastoma a can, kuma eh ki yi, dama can kuɗin sana'a bai kamata ya zauna a inda kika ɗaura katin bashi ba, amma kada ki ɗauka kin ɓuya ne. BVN shi kaɗai ba ya ba kowa ikon cire miki ko sisi, sai an haɗa da ɗaya daga cikin izinin nan.

Yadda za ki tantance kuwa mai sauƙi ne, ki ciro sitetmen na wata uku, ki duba bayanin da aka rubuta a gefen kowace cira, in baki gane ba ki nuna wa ma'aikacin banki ki ce ya faɗa miki ta kati ce ko ta mandet.

Yanzu maganar kashi na biyu da aka cire sau biyu, wannan haƙƙinki ne kuma kada ki yafe. Abinda yakan jawo haka shine kin tura da hannu amma na'urarsu bata haɗa taransifar da bashinki ba kafin lokacin cira ya yi, ita kuma na'ura bata san wani uzuri ba. Ki haɗa risit ɗin taransifa da alat ɗin cirar da hoton jadawalin biyan, ki tura musu ta imel, ba ta kiran waya ba, dan kira baya barin shaida. Ki rubuta a taƙaice: ga abinda na ci, ga abinda na biya da ranakun, ga wanda aka cire ba bisa ƙa'ida ba, na janye izinin cira daga kati da akawun ɗina daga yau, a dawo min da rarar ko a lissafa ta a kashi na uku, a turo min ragowar bashin a rubuce. Ki zauna ki tara duk ƙananan cirar daren nan ma, ban yi mamaki ba in kika tarar kin riga kin gama biyansu su ne ma suke riƙe da canjinki.

A bankinki ma ki shigar da ƙorafi a rubuce kuma ki tabbata an baki lambar ƙorafin, kada ki yarda da "Hajiya ki je za mu duba". In sati biyu ya wuce ba a warware ba kina da damar kaiwa sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN da wannan lambar. Shi kuma kamfanin bashin hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ita ce take kula da irinsu, tun 2022 ta wajabta musu rajista, a 2025 ta sake fito da sabbin ƙa'idoji, kuma a shafinta akwai jerin sunayen waɗanda ta amince da su, ki duba ko naki yana ciki, in baya ciki ki faɗi haka a ƙorafinki.

Amma fa 'yar'uwa toshe cira ba ya kashe bashi. In akwai saura kika yi shiru tarar latti za ta yi ta hawa, kuma za su iya kai sunanki wajen kamfanonin da suke ajiye tarihin masu bashi irin su CRC da FirstCentral, gobe ki je neman jari a banki na gaske a ce sunanki ya ɓaci akan dubu 20. Dan haka ranar da kika kashe katin ranar za ki tura imel ɗin, in lokacin biya ya yi ki biya, in kin gama ki nemi takardar shaidar kammalawa ki adana. In suka fara barazanar za su turo 'yan sanda kada hankalinki ya tashi, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum akan abinda ya shafi saɓa yarjejeniya kawai, hanyarsu kotu ce.

Batun maigida kuma, ni dai a ganina ki faɗa masa da bakinki. Irin waɗannan af ɗin an san wasunsu da kwashe lambobin da suke wayar mutum su bi dangi da saƙon cin mutunci, har a 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, wato NITDA, ta ci tarar wani kamfani naira miliyan 10 akan irin haka, Google ma a 2023 ya hana af ɗin bashi shiga lambobi da hotunan mutane, amma masu yi basu ƙare ba musamman waɗanda ake turo wa mutum ta WhatsApp ya sauke. Gara ya ji daga gare ki da ya ji daga wani saƙo da aka tura wa surukarki.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ƙanina ne ya ci bashin waya ya sa lambata ban sani ba, yanzu kullum sai sun kira wai ni ne garanto kuma za su cire daga albashina. Za su iya? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

AMSA: Malam ba za su iya ba, in dai baka sa hannu a komai ba, baka bada katinka ko OTP ba, kuma ba akawun ɗin haɗin gwiwa kuke da shi da ƙanin naka ba. Sa lambar mutum a fom ba ya maida shi garanto. Ka ɗauki hoton saƙonnin da lambobin da suke kira da su, ka rubuta musu sau ɗaya cewa baka amince ba su daina, in sun ci gaba ka kai ƙorafi FCCPC da hukumar kare bayanai ta NDPC da aka kafa da dokar 2023. Kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa wata lamba da aka turo maka wai dan a cire sunanka, ka kashe wayar. Ƙanin naka kuma ka kira shi ku zauna ka ji nawa ne ya rage.