Shiga rairayin bakin teku da Prado: me sabon hannu zai yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina sana'a a kasuwar Mile 12. Na sayi Prado ta hannu, otomatik, kuma ina so in kai iyali bakin teku a Eleko da hutun Sallah. Na ga wasu suna shiga da mota har kan rairayi, ni kuwa ban taɓa tuƙi a rairayi ba. Abokina ya ce tunda motar mai jan ƙafa huɗu ce, in taka totur kawai za ta fita. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri a motar. Shawarar abokinka ita ce ke binne motoci a bakin teku, don haka ka ajiye ta. Prado ta haura tan 2 a nauyi tun kafin a ɗora mata iyali da kulolin abinci. Idan tayoyinta na cike da iskar titi, wato tsakanin psi 30 zuwa 35 a ma'aunin iskar taya, ɗan wuri kaɗan ne na kowace taya ke taɓa ƙasa, sai nauyin ya tattaru a nan. A kan kwalta wannan shi ake so. A rairayi mai laushi kuwa tayar haƙa take yi, kuma duk ƙarfin da ka ƙara wa injin ramin yake ƙara wa zurfi.

Maganin shi ne rage iska, kuma da za ka manta duk abin da zan faɗa ka riƙe wannan kaɗai, da ka yi rabin aikin. Kafin ka bar ƙasa mai tauri, tsaya ka sauke iskar tayoyin huɗu zuwa psi 18 ko 20. Tayar za ta kwanta, sawunta ya ƙara tsawo, sai motar ta riƙa hawa kan rairayin maimakon ta nutse. Dubi tafin raƙumi yadda yake bajewa idan ya taka. Abin da kake yi wa tayar ke nan. Kada ka auna da ido ko da dukan ƙafa. Ka sayi ma'aunin iska da ƙaramin famfon da ke aiki da batirin mota, ana samunsu a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Idan rairayin ya yi laushi ƙwarai za ka iya sauka zuwa 15. Ƙasa da haka ban ba sabon hannu shawara ba, domin da ka karya sitiyari da ƙarfi taya na iya zamewa daga jikin wili, iskar ta fice gaba ɗaya.

Sai giya. Ka yi sa'ar mota, domin Prado kullum da ƙafa huɗu take ja, kuma tana da L4, wato giyar ƙarfi mai jan ƙafa huɗu a hankali. Masu Hilux su ne sai sun mayar daga H2 (jan ƙafa biyu) zuwa H4 (jan ƙafa huɗu a gudun da aka saba) da hannunsu, kuma tun kafin shiga ake yi, ba bayan an kafe ba. Masu RAV4 da Highlander da Lexus RX su san cewa ba su da L4, cikin motarsu ya fi kusa da ƙasa, wasu ma ƙafafun gaba kaɗai suke ja. Gara su faka a bakin ƙofa su taka da ƙafa. Kai dai ka danna maɓallin da ke kulle jan gaba da na baya wuri ɗaya, sannan ka kashe VSC ko TRC idan motarka na da maɓallin. Aikin wannan na'ura shi ne rage ƙarfin injin da zarar taya ta fara sulɓi, wanda ke ceton rai a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, amma a rairayi daidai lokacin da kake bukatar ƙarfin take ɗauke maka shi. H4 ta isa yawancin tafiya. Idan wurin ya yi zurfi ko akwai hawa, tsaya cak, sa giya a N, ka mayar L4.

Tuƙin kansa na haƙuri ne. Ka tashi a hankali, ka riƙe gudu ɗaya wajen kilomita 20 zuwa 30 a awa, kada ƙafarka ta riƙa hawa da sauka a kan totur. Ka bi sawun motocin da suka riga ka, domin sun danne rairayin. Kwana ka yi ta da faɗi. Idan za ka tsaya, ɗaga ƙafa kawai, rairayin zai tsayar da kai. Birki mai ƙarfi tudu yake tarawa a gaban tayoyi, tashi ya yi wuya. Ka riƙa duba allurar zafin injin, don tafiya a rairayi na wahalar da injin da giyar otomatik fiye da go-sulon Ikorodu Road.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato tekun. Direban da ya saba da rairayin Yobe ko Sakkwato ya san duk abin da na faɗa a sama, amma a can idan mota ta kafe za ta jira ka har gobe. A nan ba ta jira. Ruwan teku na cika sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Cikar ta fi girma a farkon wata da kuma daren sha huɗu. Lura da kyau, Alhaji: Ƙaramar Sallah a farkon wata take faɗowa, Babbar Sallah kuma ranar 10, kwanakin yawon Sallah suna tunkarar sha huɗu. Ma'ana, lokacin da kake shirin zuwa shi ne lokacin da ruwa ya fi hawowa.

Za ka ji ana cewa jiƙaƙƙen rairayin da ke dab da ruwa ya fi tauri, ya fi daɗin tuƙi. Gaskiya ne a gaɓar da take shimfiɗe. Gaɓar Legas gangare gare ta, kuma igiyar Atlantika a nan da ƙarfi take bugowa, musamman da damina. Mutanen garin ba su manta da ambaliyar bakin tekun Kuramo ta watan Agustan 2012 ba, wadda ta tafi da mutane da rumfunansu. Igiya ɗaya idan ta wuce ƙarƙashin mota, tana komawa da rairayin da tayoyin ke tsaye a kai, motar ta karkata wajen ruwa. Saboda haka ni ban yarda sabon hannu ya sauka can ba, balle da yara a baya. Ka nemi layin da ruwa ya bar shara da ciyayi da robobi. Nan ne iyakar cikar da ta wuce. Ka zauna sama da shi. Kuma ka tambayi masunta yaushe ruwa zai dawo, sun fi kowace manhaja sanin gaɓarsu.

Idan ka ji motar ta daina gaba tayoyi na juyawa, ɗaga ƙafa nan take. Gwada ribas a hankali a kan sawunka. In ta ƙi, sauke kowa, ƙara rage iska zuwa 15, ɗauki shebur ka kwashe rairayin gaba da bayan kowace taya da wanda ke ƙarƙashin cikin motar, sa katako ko tabarmar ƙafa ta mota a bakin tayoyin, ka fita da L4. Idan sai an ja ka, a ɗaura igiyar a ƙugiyar da aka yi domin ja a jikin firam. Kada a ɗaura a bamba ko a ƙwallon jan tirela. Ƙarfen na iya tsinkewa ya tashi, kuma ya sha kashe mutane. Kowa ya matsa nesa da igiyar. Wannan ne ya sa nake so zuwanka na farko ya kasance tare da wata motar da za ta ja ka in ka kafe.

Ka tambaya a ƙofa ko an yarda mota ta shiga, don yawancin wuraren akwai masu kula da su, kuma aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024 ya canja mashiga da dama. A ciki kuma akwai yara na gudu, da dawakai, da igiyoyin kwalekwalen masunta a kwance.

Da ka fito, mayar da iskar taya kafin ka hau titin Lekki zuwa Epe, ka cire makullin jan, ka koma H4. Taya mai ƙarancin iska a gudun kwalta zafi take ɗauka har ta fashe. In ba ka da famfo, lallaɓa a hankali zuwa wurin mai faci mafi kusa. A ranar ko washegari ka kai wanki, ka tsaya a kansu su wanke ƙarƙashin motar da cikin wili da birki da ruwan daɗi, domin gishiri ba ya ɓata lokaci wajen jawo tsatsa. Sannan bakanike ya buɗe matatar iska ya kakkaɓe rairayin da ta sha.