Amarya da katin inshorar uwargida

Tambaya: Malam ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, ina cikin tsarin inshorar lafiya na NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa), matana biyu amma uwargida kawai aka yi wa rijista da yara huɗu. Yanzu amarya tana da ciki, shin zan iya kai ta awo da katin uwargida? Kuma wani ya ce min inshorar ma gaba ɗaya caca ce.

Amsa: Allah ya sauke ta lafiya. Wanda ya ce maka caca ce ya haɗa abu biyu da malamai suka raba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi a 1985 ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, wato rashin tabbas a kan abin da mutum zai samu a ciniki, amma a zama ɗaya ta halatta ta taimakekeniya. To ina cacar a nan? Mai caca yana zuba kuɗi ne yana fatan ya cinye na wani, kai kuwa ana cirewa daga albashi ana tarawa a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani, kuma babu mai hankalin da ke addu'ar ya kwanta asibiti don ya ci riba. Garari yana ɓata ciniki ne, ba ya ɓata kyauta da agaji, wannan ƙa'ida ce sananniya a wajen malamanmu Malikawa. Balle tun 2022 doka ta mayar da inshorar lafiya dole, to ko a wajen masu tsanantawa ba za a ɗora maka laifin abin da ba kai ka zaɓa ba.

Amma maganar katin nan, a'a, bai halatta ba. Sharaɗin da aka shiga a kai shi ne mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu. Kuɗin na dubban ma'aikata ne irinka, kada ka ce ai na gwamnati ne. Sannan ka duba abin da ya fi tsorata ni: fayil ɗin uwargida yana ɗauke da rukunin jininta, idan amarya ta zubar da jini a ɗakin haihuwa cikin dare nas ta buɗe fayil ta ga A alhali na amarya O ne, wa za ka kama?

Ka je ofishin NHIA ka nemi a ƙara ta a matsayin ƙarin iyali, ana biya ne. Kuma ka sani tunda ka bar ɗaya da kati ɗaya babu, maganin amarya yana wuyanka daga aljihunka, kada ka bari ta ji a ranta an fifita kishiya a kanta.

Haƙƙinka kuma ka riƙe shi. Kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai za ka biya, idan asibiti sun ce "babu magani, je ka saya a kemis" kullum, ka karɓi rasit, ka kai ƙara wajen HMO ɗinka, wato kamfanin da ke tsakaninka da asibiti a tsarin inshorar, in sun yi shiru ka wuce ofishin NHIA na jiha, kana da damar sauya asibitin ma. Wallahu a'alam.