Amsa: Ina ƙumar ruwa ke shigewa da rana a Bosomtwe?

Malam, kun ce kun jefa raga a tafkin Bosomtwe na ƙasar Ghana da tsakar rana ba ku kamo ƙumar ruwa ba (wato 'yan mitsi-mitsin halittun nan da ke yawo cikin ruwa), sai da magariba ragar ta cika. Haka ɗabi'arsu take. Da rana suna nutsewa ƙasa don kada kifi ya gan su, dare ya yi su hau sama su ci gansakuka.

Amma a Bosomtwe ba sa iya nutsewa yadda suke so. Tafkin ramin dutsen sama ne da ya faɗo shekara sama da miliyan ɗaya, zurfinsa kusan mita 80, kuma ƙasansa babu iskar shaƙa. Sai su tsaya a iyakar inda iskar take. Wajen watan Agusta, idan sanyi ya gauraya ruwan, iyakar nan tana motsawa, su ma su sauya wuri.

Batun yadda suke hayayyafa kuwa, mata ne ke haihuwa ba namiji, 'ya'ya kwafin uwa. Sai yanayi ya tsananta ake samun maza, su haɗu da mata, a yi ƙwai masu tauri da ke kwanciya cikin laka shekaru. Daga nan sabon iri ke fitowa. Ku gwada ɗiban ruwa daga zurfi daban-daban, dare da rana.