Dalilin da ya sa ba ma kashe wa kwastoma sabuntawa

Ka ce me ya sa na hana ka kashe Windows Update, wato sabuntawar da Windows ke sauke wa kansa ta intanet, in ka gama ɗora wa kwamfuta Windows, alhali wasu masu gyara suna kashewa, kwastoma kuma ya tafi yana godiya don datarsa ta daina zurarewa. To ɗana, saurara da kyau, don wannan na cikin abin da ya raba mai gyara da mai ɗora Windows kawai.

Manhaja mutane ne suka rubuta ta, kuma duk abin da ɗan Adam ya rubuta ba ya rasa kuskure. Wani kuskuren iyakarsa ya sa kwamfuta ta riƙa maƙalewa. Wani kuwa ƙofa ce da baƙo zai bi ya shigo daga nesa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sabuntawar nan da kake gani yaɓen tsagar ce. Microsoft suna fitar da nasu gyaran ranar Talata ta biyu a kowane wata, wajen magariba agogonmu. Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne, ranar da gyaran ya fito, ranar ce 'yan kutse ke gane inda matsalar take, don suna ɗaukar sabon su gwada da tsohon su ga abin da aka canza. Saboda haka kwamfutar da ba a sabunta ba ta fi shiga haɗari bayan fitowar gyaran fiye da kafinsa.

An ga wannan ƙarara a 2017. Ranar 14 ga Maris Microsoft suka toshe wata ɓaraka a hanyar da Windows ke musayar fayil tsakanin kwamfutoci. Ranar 12 ga Mayu, kusan wata biyu ke nan, cutar da ake kira WannaCry ta ɓarke ta wannan ɓarakar. Ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ta kulle fayilolin mutane tana neman dala 300 kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya, aka riƙa juya motocin ɗaukar majinyata zuwa wasu wuraren. Ba sai mutum ya danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Kuma mafi yawan waɗanda ta kama Windows 7 ne, wanda a lokacin ana ci gaba da ba shi gyaran tsaro. Gyaran na nan kyauta, sakawa ce ba a yi ba.

Kukan kwastoma a kan data gaskiya ne, ban raina shi ba. Mutumin da ke haɗa kwamfuta da intanet ɗin wayarsa, ya sayi giga biyu da safe, kafin azahar ta ƙare, dole ya ji zafi. Amma maganin wannan a hannunmu yake. Kada kwamfuta ta bar shagon nan sai ka haɗa ta da intanet ɗinmu ta sha sabuntawa har ta ƙoshi. Ka sake kunna ta, ka sake dubawa, don sau da yawa wani gyaran ba ya bayyana sai na gabansa ya zauna. Bayan haka ka haɗa ta da wayar mai ita, ka shiga saitin wannan layin ka kunna abin da aka rubuta Metered connection, wato layi mai ƙidayayyiyar data. Da zarar Windows ya san datar a ƙidaye take, zai dakatar da manyan kaya. Sannan ka leƙa Delivery Optimization, saitin raba sabuntawa tsakanin kwamfutoci, ka tabbata ba ta tura wa kwamfutocin waje sabuntawa da datar bawan Allah. A namu na shago kuwa bar shi a kunne tsakanin kwamfutocin cikin gida, abin da ɗaya ta sauke sai ta raba wa sauran. Daga nan ka gaya wa kwastoma sau ɗaya a wata ya sayi datar dare mai rahusa ya bar ta ta sabunta, ko ya kawo mana. In yana tsakiyar wani aiki mai muhimmanci akwai dakatarwa har mako biyar, wadda da kanta take dawowa. Kashewa gaba ɗaya kuwa babu mai tunawa ya kunna.

Abin da nake tsoro a harkar sabuntawa wuta ce. Laftof ɗin gwanjo da yawa batirinsu ya mutu, caja ce ke riƙe da su. In NEPA ta ɗauke a daidai lokacin da fuskar ta ce kada a kashe, tana iya tashi ta kasa shiga Windows. Don haka wadda batirinta ba ya riƙo, a kan sola ko UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, za ka yi mata. Sabunta BIOS kuwa, manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows ya hau, kada ka taɓa sai ina nan, shi in ya katse a tsakiya wani lokacin sai an buɗe an sake rubuta guntun da BIOS ɗin yake ciki da na'ura.

Yanzu ga abin da ba kowa zai faɗa maka ba. Da yawa daga masu kashe sabuntawa ba data suke tausaya wa ba. Manhajar sata suka ɗora, wadda aka fasa wa makulli, suna tsoron Windows ya gano ta ko Microsoft Defender, rigakafin cuta da ke zuwa da Windows, ya share abin fasawar, wato kirak. Shi ya sa takardar da ke zuwa da irin wannan kirak ɗin abu na farko da take cewa shi ne ka kashe rigakafi kafin ka buɗe. Ka yi tunani: wanda ba ka sani ba ya ba ka kyauta, sharaɗinsa kawai ka sallami mai gadi. Ta wannan hanyar cutar STOP, wadda ake kuma kira Djvu, ta fi shiga kwamfutocin gida. Tana kulle hotuna da takardu, ta bar wasiƙa mai suna _readme.txt tana neman dala 980, ko rabin haka in an biya cikin awa 72. In ta samu intanet lokacin da take kullewa, makullin yana hannunsu, babu wani mai gyara da zai iya buɗewa, ko a Farm Centre ta Kano ko a Ikeja ta Legas. Ɗalibi zai zo da aikin kammala karatunsa a kulle saura mako ya miƙa, ba abin da za ka iya yi masa sai fomatin da ba da haƙuri. Wanda ba shi da kuɗin Office ka sa masa LibreOffice, kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel. Defender kuma ya wadatar da mai amfanin gida in dai yana sabuntawa. Kada ka jibga masa rigakafi biyu ko uku, faɗa suke yi da juna kwamfuta ta yi nauyi, kuma na gwajin nan da wa'adinsa ya ƙare tun bara cire shi za ka yi.

Ba kowace manhaja Windows Update ke kula da ita ba. Chrome da Firefox suna sabunta kansu, amma sai an rufe an sake buɗewa gyaran ke zama. WinRAR, mai buɗe ƙunshin fayilolin da aka matse, wanda kusan kowace kwamfuta muke sa wa, ba ya sabunta kansa sam. A 2023 an gano ɓaraka a cikinsa da ke sa mutum ya danna hoto ko takarda a cikin ƙunshi sai cuta ta tashi, aka gyara a fitowa ta 6.23. Duk wanda ka gani ƙasa da haka sauya shi, ka sa na yanzu. Flash Player kuwa, da ake kallon bidiyo da wasanni a burauza da shi a da, tun ƙarshen 2020 aka rufe babinsa. Kuma ka koya wa kwastoma cewa shafin da ya faɗo masa yana cewa burauzarka ta tsufa, danna nan, tarko ne. Sabuntawa daga cikin manhajar take zuwa ko daga shafin masu ita.

Sai waɗanda babu sauran gyara a kansu. Windows 7 an daina tallafa masa ranar 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya tsaya a fitowa ta 109 a kansa. Windows 10 tallafinsa ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, sai ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma yana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ka kuwa san yawan Core i5 ƙarni na 4 da na 6 da ke hannun mutane. Ana iya tilasta shi a kansu, yana kuma aiki, amma Microsoft ba su ɗauki alkawarin ci gaba da ba su sabuntawa ba, kuma haƙƙin kwastoma ne ya ji wannan daga bakinka kafin ya biya. Wanda aikinsa burauza da rubutu ne ni Linux Mint nake sa masa, madadin Windows ne na kyauta. Wanda ya dage sai tsohon Windows saboda wata firinta ko manhajar shagonsa, to kwamfutar ta zauna ba intanet, kada kuma ya shiga banki da ita.

Kafin duk wata babbar sabuntawa ka kwafe fayilolin mai ita a faifan ajiya na waje, ka zare shi da ka gama, don cutar fansa tana kulle duk abin da ta tarar a jone. Filashin nan naka na ɗora Windows ma ya kwana biyu. Gobe da safe ka goge shi, ka sauko da sabon kwafi daga shafin Microsoft, yawancin gyaran yana ciki, abin da zai rage wa kowace kwamfuta ta sauke ba shi da yawa.