Amsa Kan Na'urar Bugun Sauti Bayan Tiyatar Gwiwa

Malam, ka tambaya ko na'urar bugun sauti (shockwave), wadda ke aika bugun sauti mai ƙarfi cikin jiki ta kan fata, za ta magance ciwon da ke damun gwiwarka wata shida bayan tiyatar dashen jijiyar ACL (jijiyar da ke tsakiyar gwiwa mai riƙe ƙashin cinya da na ƙauri), musamman idan ka durƙusa yin sujada. Allah ya ƙara sauƙi.

Asalin wannan fasaha farfasa tsakuwar ƙoda ne, wanda aka fara a birnin Munich na Jamus a 1980. A gwiwa kuwa, an fi amfani da ita kan jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, wurin da sau da yawa ake yanko abin dashen, shi ya sa ciwon kan tsaya a nan. Akan shafa man shafawa, a ɗora kan na'urar daidai inda yatsa ya gano zafin, yawanci sau uku zuwa biyar, mako-mako, kuma wurin kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu.

A ganina, taimako ce kawai ga atisayen ƙarfafa naman cinya. Idan gwiwar tana kumbura da zazzaɓi, ko tana turguɗewa, ko ta ƙi miƙewa sarai, ka koma wurin likitan da ya yi maka aikin tukuna, kuma ka sanar da shi idan kana shan maganin tsinka jini.